Tambayoyinku: sirrikan Doom, kan Romero, da 'yan damfarar "mod"

Makon jiya bakina ya suɓuce na ce har gobe idan aiki ya ishe ni Doom nake buɗewa, tsohon wasan harbin nan da kamfanin id Software na jihar Texas a Amurka ya fitar ranar 10 ga Disamba, 1993. Ashe tsuliyar dodo na tsokano. Masu tambayar batir da dawo da WhatsApp su yi haƙuri, wannan makon na 'yan gem ne.

Malam, wai da gaske akwai kalmar da in ka rubuta ba abin da zai kashe ka? (daga Funtuwa)

IDDQD. Kana cikin wasa ka buga ta a kibod, ba sai ka danna komai bayanta ba. Za ka ga idanun sojan da ke ƙasan allo sun koma ruwan zinariya. IDKFA kuma ta ba ka makamai da harsasai da makullai gaba ɗaya, IDCLIP ta sa ka ratsa bango. A tsofaffin fitowar Doom na farko IDSPISPOPD ce ke wannan aikin. In ka zaɓi Nightmare, wato matakin wahala mafi tsanani, duk waɗannan ba sa ci. In kuma da su ka gama wasan, kada ka zo majalisa kana cika mana baki.

Wani maganar banza dodon ƙarshe na Doom II yake yi in an shiga ɗakinsa. Wane yare ne? (daga Maraɗi)

Turanci ne, an juya shi baibai. Muryar John Romero ce, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, kuma abin da yake cewa shi ne in kana son cin wasan sai ka kashe shi, shi John Romero. Ba wasa yake yi ba. Wannan ƙaton kan mai ƙaho da ke jikin bango a mataki na 30 zane ne kawai. A bayansa akwai wani ɗan lungu, a ciki an tsire hoton kan Romero a kan sanda. Rokar da kake ta fama ka jefa ta ramin ƙwaƙwalwar dodon, fashewarta ce ke taɓa wannan kan, shi ne ainihin abin da kake kashewa. Masu zanen kamfanin ne suka ɓoye shi don tsokana. Da ya gano, sai ya je wurin mai haɗa musu sauti, Bobby Prince, suka naɗi wannan maganar suka juya ta, ramuwar gayya. Buga IDCLIP ka shiga cikin fuskar dodon, za ka gan shi yana kallonka. Harbe shi ka ga yadda yake yamutsa fuska.

Na tsefe mataki na 15 a Doom II, amma lissafin ɓoyayyun wuraren da na gano ya ƙi kaiwa kashi 100. Kwamfutata ce? (daga Kumasi)

Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Duniya ma shekara 24 ta yi tana wannan faman. Wasan ya fito a 1994, sai a 2018 wani gwani da ake kira Zero Master ya taka wurin ba tare da satar hanya ba. Sirrin yana kan wani dandamali ne da ke cilla mutum wani wuri tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, shi kuwa wasan ba ya ƙirga maka sai ka taka. Sai ya yaudaro dodon nan mai aman ƙoƙon kai, Pain Elemental, ya sa aka tura shi ciki. Romero da kansa ya tabbatar a Twitter. Ka bar wannan. Nemi ɓoyayyiyar mafitar da ke matakin, ita ce ke kai ka na 31, wanda aka kwaikwayo daga tsohon wasansu Wolfenstein 3D. Daga can akwai wata zuwa 32, inda aka rataye Commander Keen, jarumin wani tsohon wasan kamfanin, har guda huɗu. Na Jamus a wancan lokacin an cire musu matakan biyu saboda alamomin 'yan Nazi.

Yaya, an turo mana wani Doom "mod APK" a guruf, an ce ya buɗe duk sirrika da makamai. Na sauke amma yana neman izinin karanta saƙonnina. In ba shi? (daga Zariya)

Ƙanena, ajiye wayar ka saurare ni, don kai ne na je-ka-na-yi-ka a madadin mutum da yawa.

Me ya haɗa wasan harbin dodanni a kan watannin duniyar Mars da saƙonninka? Shin Cyberdemon, ƙaton dodon wasan, zai turo maka gaisuwar Juma'a ne? Abu guda ne mai daraja a akwatin saƙon wayarka, lambar OTP da banki ke turo maka. Wanda ya haɗa wannan "mod APK", wato fayil ɗin manhajar Android da aka yi wa kwaskwarima, ya sani, kai ne ba ka sani ba. Ya ɗauki wasan, ko ma hoton wasan kawai, ya cusa tasa manhajar a ciki, ya rubuta "komai kyauta" ya watsa. Banza ta kori wofi kenan, sai dai a nan kai ne za ka biya.

Da azumin bara wani yaron unguwarmu ya kawo min wayar mahaifiyarsa, idonsa jajir. Irin wannan fayil ya saka mata don ya riƙa wasa da dare. Na shiga saitin na duba. Manhajar ba ta da ko tambari a fuskar waya, ta ɓuya can ƙasan jerin manhajoji da wani suna mai kama da na tsarin wayar. An ba ta izinin saƙonni, an ba ta izinin zama a saman sauran manhajoji, an kuma kunna mata wancan izinin da aka tanada don masu larurar gani, wanda ke ba manhaja damar karanta duk abin da ke allo har ta danna da kanta. Bayan wayar ya yi zafi kamar kaskon tuya alhali ba abin da aka buɗe. Kuɗin adashen da matar take riƙe wa matan layi, an kwashe su da tsakar dare. Wasan kuma ko buɗewa bai taɓa yi ba. Ni na goge wayar, amma ba ni na je na yi wa matan adashe bayani ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, a duk wasannin duniya Doom ne bai kamata a damfari kowa da shi ba. Tun ranar farko kashi na farko kyauta suka raba shi, mataki tara cur, suka ce kowa ya kwafa ya ba abokinsa. A 1997 John Carmack, babban mai rubuta manhajar kamfanin, ya saki lambobin ginin wasan kowa ya gani. Daga nan aka samu manhajojin da ke kunna wasan irin su GZDoom da Chocolate Doom, duka kyauta. Akwai Freedoom, wanda 'yan sa-kai suka zana wa nasa dodanni da matakai, shi ma ko kwabo. Na hukuma ya shigo iPhone tun 2009, Android kuma tun 2019. Sirrikan da ake maka alkawari kuwa, ga su can a amsar farko na ba ka, 'yan haruffa ne kawai. Mutanen da suka yi wasan da hannunsu suka saka su. To wane sirri ne ya rage da wani baƙo zai buɗe maka a guruf?

Kada ka ba shi. Cire shi yanzu, ka bi izinin manhajojinka ɗaya bayan ɗaya, ka kashe damar saka manhaja daga waje, ka canza lambar sirrin bankinka daga wata wayar daban. Ni duk farkon wata, ranar da nake sayen data, nake zama in duba wace manhaja ce ke da izinin saƙonni. Minti biyar ne. Wanda ya turo muku kuma ku gaya masa tasa wayar ma ya duba.

Na ga an ce an buga Doom a kan abin gwajin ciki. Ƙarya ce ko? (daga Gombe)

Rabi da rabi. A 2020 aka yi, amma an canza allon da ƙwaƙwalwar, ɓawon ne kawai na asali. Na firintar Canon da na taraktar John Deere sun fi shi gaskiya. Wasan da aka yi wa kwamfuta mai RAM megabait 4, me zai gagare shi?

Ɗana ɗan shekara goma yana son sabon Doom. Ya dace? (wata uwa daga Kano)

Hajiya, bai dace ba. Na 2016 da Doom Eternal na 2020 an yi musu alamar 'yan 17 zuwa sama a Amurka, jini da yayyaga dodanni ne tun daga farko har ƙarshe. Saya masa na ƙwallo.

Ta yaya kake gano ƙofar sirri ba tare da YouTube ba? (daga Yamai)

Ka buɗe taswira ka ga inda aka bar fili ba dalili. Ka kalli bango, duk inda zanen ya goce ko launi ya bambanta, je ka danna. Ka kashe kiɗan ka kasa kunne, wani lokacin kana taka wuri za ka ji ƙofa ta buɗe a bayanka. A na 2016 ma kowane mataki akwai wani maɗauki da aka ɓoye, in ka ja shi sai ƙofa ta buɗe zuwa wani yanki na tsohon Doom, da zanensa na da. Ni haka na koya, ina bin bango ina dannawa sojan yana nishi, har mai gidan gem ya zo ya ce lokacina ya ƙare.