Mai Kanti Ya Ce Sai Da Lambar NAFDAC, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekara biyu ke nan ina daka yajin daddawa a gida, yara na kai wa maƙwabta. Na kai wa wani mai kanti, ya ce sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, zai karɓa. Na kuma ji ana maganar tallafin gwamnati. Ta ina zan fara? Ƙanwarki daga Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mai kantin nan bai yi miki wulaƙanci ba, kansa yake karewa.

Ki fara da rajistar sunan sana'a a hukumar CAC, ta intanet ake yi. Da takardar za ki buɗe asusun banki da sunan sana'ar, kuɗin yaji ya daina narkewa cikin cefane. Sai ki yi rajista da SMEDAN, hukumar da aka kafa a 2003 domin ƙananan masu sana'a; suna ba da horo.

Su kuwa NAFDAC sai sun ga inda kike daka. Turmi a tsakar gida, kaji na kai-komo, ba zai wuce ba. Ki ware ɗaki mai tsafta, ki rufe gashi, ki samo robobi da takardar da za ki manna mai ɗauke da abin da ke ciki da ranar lalacewa.

Rance kuwa, ko Bankin Masana'antu ne sai ya nemi lissafi. Ki sayi littafi yau, ki riƙa rubuta kowane mudun barkono da kika saya. Ni dai da zubin adashi zan fara kafin in ci bashi. Wanda duk ya turo miki saƙon tallafi a WhatsApp yana neman lambar sirrin katinki, ɓarawo ne.