Sandunan Akwatin Alkawari ba ado ba ne

Ka tambaye ni, ɗana, ko za mu iya barin zobba da sanduna a kwaikwayon Akwatin Alkawari, wato akwati mai tsarki na Isra'ilawa, da aka ba mu aiki, tun da a cewarka ajiye shi za a yi a aji domin koyar da ɗalibai. Ba za mu bar su ba, kuma da ku yaran yanzu kuna buɗe Littafin Fitowa sura 25 a Littafi Mai Tsarki maimakon kallon hoto a waya, da ba ka kawo mini wannan magana ba. Tsawo kamu 2 da rabi, faɗi da tsayi kamu 1 da rabi kowanne; awo da yanka da haɗi kuwa ba zan zauna koya maka su yau ba.

Bezalel, wanda ya yi na asali da itacen hamada dangin bagaruwa ya dalaye shi da zinariya ciki da waje, an umarce shi ya sa zobba 4 na zinariya, a zura sanduna a cikinsu, kada kuma a taɓa zare su. Dalili shi ne kada hannun mutum ya sauka a jikin akwatin. Idan Isra'ilawa za su tashi daga zango, Haruna babban firist da 'ya'yansa ne kaɗai ke shiga su lulluɓe shi da labule, da fata, da shuɗin zane, sa'an nan 'ya'yan Kohat, wani dangi na Lawiyawa, kabilar masu hidimar ibada, masu shekara 30 zuwa 50 su zo su ɗauka, ba taɓawa, ba leƙe. Da aka raba keken shanu 6 ga Lawiyawa, zuriyar Gershon ta sami 2, ta Merari ta sami 4, Kohat kuwa ba su sami ko ɗaya ba, domin nasu kayan a kafaɗa ake ɗaukarsa. Ranar da aka manta da wannan a zamanin Dawuda, aka ɗora akwatin a sabon keke daga gidan Abinadab, shanu suka yi tuntuɓe, Uzza ɗan Abinadab ya miƙa hannu ya tare akwatin, nan take ya mutu. Sai da akwatin ya yi wata 3 a gidan Obed-edom kafin Lawiyawa su kai shi Urushalima a kafaɗa.

Namu katako ne da fenti, ba zai kashe kowa ba, amma ni irinsa ya taɓa kashe mini jari. Wani mutum ya zo a madadin wata makaranta, ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, na sayi busasshen maɗaci, na sa maƙeri ya zuba mini zobban tagulla, na sassaƙa kerubobin nan biyu, wato siffofi masu fikafikai da ke kan murfin, da hannuna, gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya, har idona ya fara ciwo. Ranar ɗauka ya zo da a-kori-kura da 'yan dako. Na ce masa mutum huɗu su ɗauka da sanduna, a shimfiɗa katifa, a ɗaure. Ya ce sandunan sun yi wa motar tsawo, ya sa aka zare su ina tsaye ina hana shi. Da suka isa, yaran suka rasa inda za su kama, sai suka ciccibi murfin ta fikafikan kerubobin. Fiffike ɗaya ya karye daga gindi, akwatin ya zame ya daki dakali, kusurwa ta tsage. Washegari mutumin ya dawo yana cewa aikina ba shi da ƙwari, ya hana ni cikon kuɗina, ya kuma bi abokan ciniki yana ɓata mini suna. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mutumin da ke koya wa ɗalibai labarin Uzza shi ne ya yi wannan, kuma har yau idan mun haɗu a hanya shi ke fara kau da kai.

Saboda haka gobe da safe ka je wurin maƙeri, ka ce zobba masu kauri nake so, ba irin na labule ba, kuma da noti za mu ɗaure su ta ciki, kada in ga ƙusa. Sandunan za mu sa musu tsinke a bayan zobe yadda ba mai iya zare su sai da guduma. Idan mai aikin ya zo ba na nan, akwatin ba ya fita daga shagon nan sai ya biya ciko, kuma da mutum huɗu zai zo.