Amsa ga 'yar'uwa mai tambaya kan jinin da ya zubo ma Baba a ƙwaƙwalwa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah shi ba Baba lahiya. Kin ce yana da hawan jini, ya faɗi anka yi hoton kai anka ga jini kaɗan, washegari likita ya ce ya ƙaru, kina son sanin mi ke kawo haka. Ni nas ce, na daɗe a ɗakin imajensi nan Sakkwato.

Jijiyar da ta fashe ba nan take ta kan toshe ba, awa 6 na farko sun fi haɗari kuma har awa 24 hankalinmu bai kwanciya. In awon jini na sama yana 180 ko 200 to turo jinin yake yi ta wurin da ya fashe, kamar tiyo ya tsage ba a kashe famfo ba. Shi ya sa likitoci ke sauko da shi wajen 140 da allurar jijiya suna aunawa akai-akai, wanga ba aikin kemis ba ne.

Amma abin da ya fi ci min rai wallahi magani ne. Mutum ya faɗi baki ya karkace sai wani ya ce a ba shi asfirin jini ya gudana, alhali in ba a yi hoton siti sikan ba babu mai sanin toshewa ce ko fashewa, in fashewa ce asfirin hana jinin daskarewa zai yi. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ya fi kowa shiga haɗari, sai clopidogrel da shi ma aikinsa kenan, kuma tsofaffinmu da yawa kullum suna kan diclofenac saboda ciwon gwiwa 'ya'yansu ba su sani ba. Don Allah ki kwaso ledar maganin Baba duka, har na gargajiya da ke ƙarƙashin filo, ki zube gaban likita. Ciwon hanta, ciwon ƙoda, suga da ya hau, da kuma jinin da tun farko ya zuba da yawa, su ma suna ƙara haɗarin.

Sai jinkiri. Na ga wanda anka kawo bayan ya kwana gida ana cewa iska ce, an ɗura mai fura ta sarƙe shi. Addu'a a yi ta, amma a cikin mota a yi ta ana tafiya asibiti.

Yanzu ki sa ido: barci mai nauyi da ba ya tasuwa, amai, ciwon kai na ƙaruwa, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, ki kira nas take ko tsakar dare ne. Kuma ki tambayi likitansa ko akwai buƙatar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su duba hoton.