Zuciyar majinyaci ta tsaya, likita bai iso ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nas ce a wani asibiti a nan Jos. Kwanakin baya ina aikin dare wani dattijo ya sandare a kan gado, na ruga kiran likita, kafin mu dawo rai ya yi halinsa. Abin ya ƙi fita daga raina. Ana ta maganar kwas ɗin BLS da ACLS na farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, ya dace in yi, ko aikin likitoci ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙansa, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya. Ki yi kwas ɗin, kada ki yi jinkiri. Wannan aiki naki ne kafin ya zama na likita, domin ke ce a bakin gado. Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, likita kuwa sau da yawa yana wani sashe.

Abin da BLS, wato matakin farko na ceton rai, zai fara cusa miki shi ne kada ki bar wurin. Ki jijjiga majinyacin, ki kira sunansa, ki duba numfashi da bugun jijiyar wuya, kada ya wuce daƙiƙa 10. A nan ne da yawa daga cikinmu ke ruɗuwa: wannan kakarin da mutum ke yi jefi-jefi ba numfashi ba ne, alamar zuciya ta tsaya ce. Ki ƙwala kira, ki aiki wani ya nemo likita, ke kuma ki ɗora tushen tafin hannunki a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe. Ki danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kina barin ƙirjin ya dawo daidai bayan kowace dannawa. Dannawa 30, sai hura iska sau 2 da ambu, wato jakar roba da ake matsawa a tura wa majinyaci iska. Katifa mai laushi tana cinye ƙarfin dannawar, don haka a cusa allo a bayansa. Kuma ku riƙa karɓa-karɓa duk minti 2, saboda hannu na gajiya tun mai shi bai ankara ba. Za ki iya jin haƙarƙari ya yi ƙas a ƙarƙashin hannunki, ga 'yan'uwa sun fara salati suna neman zanen rufe shi. Ki roƙe su su ba ki wuri, ki ci gaba.

ACLS shi ne mataki na gaba: karanta tafiyar zuciya a monita, sanin wadda ake bugawa da na'urar lantarki da wadda ba a bugawa (miƙaƙƙen layi ba a buga masa), allurar adirenalin miligiram 1 duk minti 3 zuwa 5, da yadda ake raba aiki ba tare da hayaniya ba.

Takardar shaida irin ta Ƙungiyar Zuciya ta Amurka shekara 2 take yi, amma hannu yakan fara mantawa cikin 'yan watanni. Shi ya sa nake damuwa da kwas ɗin da ake zama a kalli majigi a tashi. Kafin ki biya, ki tambaya ko akwai mutum-mutumin roba da za ki durƙusa ki danna har ki yi gumi. Idan kin dawo, ki nemi matron ta sa muku atisaye a ɗakinku akai-akai, har da masu aikin dare, a kuma riƙa duba ambu da cajin na'urar lantarkin a duk lokacin miƙa aiki.