Rumfar itace: kwano, ciyawa ko leda?

Tambaya: Malam kafinta, ina tuyar masa a unguwar Jahun, cikin garin Bauchi. Tun rani nake sayen itace da yawa, lokacin yana araha. Bara na lulluɓe shi da baƙar leda har ƙasa, da na buɗe a watan Agusta sai na tarar ya yi fumfuna, in na hura wuta hayaƙi kawai yake yi. Bana rumfa nake so in yi masa. Da me zan rufe ta?

Amsa: Hajiya, ba ruwan sama ne ya ɓata miki itace ba, ledar ce. Ƙasa tana fitar da danshi, itacen ma yana fitar da nasa, leda ta kulle su. Rana ta buga su zama tururi, dare ya yi su sauko kamar raɓa. Itace iska yake so, don haka sama kaɗai ake rufewa, gefe a bar shi a buɗe.

Ni dai kwano zan ce ki sa, kuma ba sai sabo ba. Wanda aka cire daga tsohon ɗaki ya wadatar, a toshe hujin tsofaffin ƙusoshi da kwalta. Kada a sa ki sayen bandir guda, falle 20 ne, ya yi miki yawa. Tsawon falle ƙafa 6 ne. Idan rumfar ta yi ƙafa 8 a faɗi da ƙafa 4 daga gaba zuwa baya, falle 5 zai rufe ta, har ya zarto da ƙafa ɗaya ta kowane ɓangare. Zarton nan kada ki bari a yi miki rowarsa, shi ke tare feshi.

Inda aka fi yin asara shi ne iska. A nan hadari daga gabas yake tasowa, kuma na farkon damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, da guguwa yake zuwa kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Ki sa a juya bayan rumfar gabas, ƙafafun baya su gaza na gaba da kamar taƙi ɗaya, ruwa ya gangara can. Ƙusa mai hula za a buga, a kan tudun kwanon, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Sannan a ɗaure katakon rufin da ginshiƙai da waya. Masu ɗora duwatsu da tsohuwar taya, Allah ya ba su haƙuri: na taɓa kwaso kwanon maƙwabcina daga kan darbejiyar gidana, tayar kuwa tana nan tsakar gidansa.

Jinkar ciyawa tana da araha, iska ma na ratsa ta, amma ke mai tanda ce. Tartsatsi ɗaya cikin hunturu ya isa, ga busasshen itace a ƙarƙashi. In kin matsa sai ita, to nesa da murhu. Tampol kuwa rana ke cinye shi, ya yi ciki ya tara ruwa, sauro ya samu gida. Tsohon rufin asbestos ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa, ƙurarsa in an yanka ko ya fashe tana lahanta huhu.

Ƙasan rumfar ma sai an kula. A jera bulo, a gitta azara a kai, itacen ya tashi daga ƙasa ko da taƙi ɗaya ne, saboda gara da kunama. A bar rata tsakaninsa da kwano. Ɗanyen marke da ƙirya a faskara su tukuna a tura baya, busasshen ya zauna gaba inda hannunki zai kai da asuba.