Tambarin da ke cikin hular kwano ta keke, me yake nufi?

Ɗan'uwa, ka tambaya me haruffan da ke manne cikin hular kwano ta keke suke nufi, kuma ko hula mai tsada ta fi kare kai.

Tambarin CPSC na nufin ƙa'idar ingancin hula ta Amurka, wadda ta zama dole tun 1999. EN 1078 kuma ta Turai ce. A gwajin Amurka ana sa hular a kan mutum-mutumi, a sako ta daga tsayin mita 2 kan ƙarfe, a auna ƙarfin bugun da ya isa ciki. Tambarin yana nufin hular ta ci jarrabawa, amma bai faɗi da maki nawa ba.

Shi ya sa nake duba taurarin da Jami'ar Virginia Tech ta Amurka ke bai wa huluna a matsayin maki; ta fara gwada hulunan keke a 2018. Ita tana buga hular a karkace, domin mai keke ba ya faɗuwa a miƙe, kuma murɗawar kai ce ke jijjiga ƙwaƙwalwa. Hula mai taurari 4 ko 5 ake so. MIPS kuwa wani siririn shimfiɗi ne a cikin wasu huluna da ke ɗan zamewa don rage wannan murɗawar.

Tsada ba ita ba ce. Akwai masu araha da suka samu taurari 5. Abin da ya fi damuna shi ne hular da ke rawa a ka. Ta zauna daidai, yatsu biyu sama da gira, igiyar ta kama haɓa. In ka faɗi da ita, ka canja ta ko babu tsaga a fili, don soson ciki ya riga ya murƙushe.