Kumburin furostet: yaushe ake aiki, me ke biyo baya?

Tambaya: Likita, mahaifina shekararsa 71. Sau biyu fitsari yana riƙe shi, yau wata biyar ke nan yana fama da robar fitsari. An ce a yi aiki, shi kuma tsoro yake ji. Babu magani ne?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Furostet wani nama ne a ƙasan mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa, in ya kumbura sai ya shaƙe ta. Magani akwai: tamsulosin na sassauta wurin cikin 'yan kwanaki, finasteride kuma na rage girmansa, amma sai an yi kamar wata 6 ana sha. To, wanda fitsari ya riƙe har sau biyu, aka cire roba ya kasa yi da kansa, ya wuce nan. Haka wanda tsakuwa ta taru a mafitsararsa, ko ƙodarsa ta fara taɓuwa. Abin da ke ci mini rai shi ne ganin dattijo ya shekara da jakar fitsari ɗaure a cinya cikin wando, ya daina zuwa masallaci saboda zarni, ga zazzaɓi a kai a kai. Ku lallashe shi, ku kai shi wurin likitan mafitsara.

Tambaya: Farke ciki ake yi?

Amsa: Ba kullum ba. Aikin da aka fi yi, TURP, babu yanka a waje. Allura ake yi a baya, jiki ya mutu daga ƙugu zuwa ƙasa, a zura na'ura ta hanyar fitsari a kankare naman da ya toshe. Yawanci a cire roba cikin kwana 2 ko 3. In furostet ɗin ya haura giram 80 ne ake tsaga mara, ko a cire shi da leza inda akwai na'urar. Bayan aiki a sha ruwa sosai, ban da ɗaukar kaya da hawan babur na mako 4 zuwa 6. Wajen kwana 10 ɗan jini kan sake fitowa a fitsari. In guda-guda ne ko fitsarin ya tsaya, a koma asibiti nan take.

Tambaya: Ina da mata biyu, an ce bayan aiki ba a iya kusantar iyali.

Amsa: Alhaji, yawancin maza ƙarfinsu na nan yadda yake. Abin da ke canzawa ga akasarinsu shi ne maniyyi: yakan koma cikin mafitsara ya fita da fitsari. Ba ya cutarwa, amma haihuwa kan yi wuya. In kana neman ƙarin 'ya'ya, gaya wa likitanka kafin a sa ranar aiki.